Cin Abinci a Waje: Laifi Ne?

'Yan'uwa, a cikin birnin Zariya dattawa sun daɗe suna ganin abin kunya ne magidanci ya tsaya a bakin hanya yana ci. Wurin cinsa zaure ne, inda maƙwabta su kan kawo akusansu su yi ciyayya. A can ne a kan san wanda gidansa bai hura wuta ba, a rufa masa asiri.

Amma zamani ya juya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta cika da baƙi marasa iyali. Aka buɗe jami'a a Samaru a 1962, ma'aikata da ɗalibai suka ƙaru. Wanda ya fita ta Ƙofar Doka da asuba, ba zai komo ba sai magariba, ina za ya ci? Ko a tsohuwar Roma ta ƙasar Italiya, talakawa da yawa ba su da madafa a ɗakunansu na haya, sai su sayi dafaffe a titi.

Saboda haka ciniki kansa ba laifi ba ne. Kuɗin waina da ɗan wake da yara su ke talla, sau da dama su ne su ke ciyad da gwauruwa da marayunta.

To, ina laifin ya ke? Ga shi. Akwai maigidan da ya kan ba matarsa kuɗin cefane da ba su isa ba, ya ce babu. Da dare kuwa sai ya ratse Tudun Wada, ya ci tsire, ya sha shayi da madara, ya goge baki, sa'an nan ya shiga gida. Yara sun kwana da miya ba nama. Wannan ya yi abu biyu: ya ci rabonsu, ya kuwa yi ƙarya domin ya ɓoye.

Ga ma'auni mai sauƙi. Abin da ka ci a waje, kana iya faɗa wa matarka ba tare da kunya ba? In kana iyawa, ci da godiya. In ba ka iyawa, ce wa mai tsire ya ƙunshe maka, ka kai gida. Hausawa sun ce, wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai za ya mutu.