Amana Ko Son Zuciya? Nazari Kan Abubakar Na Cikin Jiki Magayi

Littafin Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, yana cikin ƙagaggun labaran farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933. Tsaransa, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, sun fi karkata ga yawon duniya da jaruntaka. Shi kuwa sai ya taɓo abin da ke cikin gida, watau soyayya da kuɗi da ramuwa.

Ga labarin a taƙaice. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana son sa. Sai Malam Shaihu, attajirin da ke neman haihuwa ido rufe, ya shigo da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya yi rantsuwa sai ya rama. Ya shiga duniya neman asiri har ya samu, ya lalatar da ɗan da aka haifa, watau Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, daga baya ya kashe mahaifinsa bai san ko shi wane ne ba.

Ɗalibai da yawa sukan ɗauki Abubakar a matsayin masoyi mai amana wanda aka zalunta. To, zalunci kam an yi masa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, an hana neman aure cikin neman wani muddin an riga an karkata ga na farko. Saboda haka Malam Shaihu ba shi da bakin kare kansa. Amma tambayar da ta kamata mu yi ita ce: amanar wa Abubakar ya riƙe?

In da amanar Zainab ya riƙe, da bai taɓa ɗanta ba. Wace uwa ce za ta ga ɗanta ya zama abin nuni a gari, sa'an nan ta ce wanda ya jawo haka masoyinta ne? Kibiyar da ya auna Malam Shaihu da ita sai da ta bi ta ƙirjin Zainab. Ashe abin da ya yi shekaru yana wa biyayya shi ne burin da ya ƙulla a ransa. Da burin ya rushe, sai son ya rikiɗe ya koma gaba.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai Zainab ce ta fara saɓa alkawari. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba matsayin budurwa a wancan zamani. Mazhabar nan tamu ta ba uba ikon aurar da ’yarsa budurwa, al'ada kuma ta ɗora mata kunya da biyayya. Amana biyu ke wuyanta, ta iyaye da ta saurayi, kuma duk wadda ta sauke sai an zarge ta. Abubakar yana sa ran ta jure abin da ba ta da ƙarfin jurewa, shi kuwa da aka jarraba nasa haƙurin, ko taki ɗaya bai yi ba.

’Yan'uwa, wannan labari bai tsufa ba. Saurayi daga Tambuwal ko Kebbe yakan bar gida ya tafi karatu Sakkwato, ko cin rani kudu, ya komo ya tarar an ba wani yarinyar da ya yi wa toshi. Wani ya kai ƙara wajen manya a mayar masa da kayansa, ya bar wa Allah sauran. Wani kuwa sai ɓata suna, ko bin bokaye, ko yanke zumunci tsakanin gidaje biyu har jikoki. Dukansu biyu an cuce su, amma na farko kaɗai ya fita da mutuncinsa.

A ganina, so bashi ne da ba a rubuta shi, ba a kuwa karɓarsa da ƙarfi. Ana gane mai amana ran da ya rasa abin da yake so: shin har yanzu yana fatan alheri ga wadda ta kuɓuce masa? Abubakar ya fāɗi wannan jarrabawa, ya kuma ja yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hausawa dai sun ce son zuciya ɓacin zuciya. Allah Ya kiyashe mu.