Amanar Wakili: Nasiha Ga Lauyoyi Da Masu Sayen Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako shi ne kukan da wani dattijo ya kawo mini bayan sallar Azahar. Ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya haɗa kuɗin sallamarsa da ɗan abin da ya tara, ya sami gida aka yi ciniki, ya biya rabin kuɗi, kana ya ɗauki lauya domin ya bincika takardu ya kammala masa mallaka. Yau wata bakwai ke nan. In ya buga waya ba a ɗauka, in ya je ofis akawu ya ce maigida yana kotu, a dawo jibi. Mai gidan hayar da yake ciki ya ba shi wa'adin tashi, mai sayarwa kuma ya fara cewa ya sami wanda zai ƙara masa kuɗi. Sai ya tambaye ni: "Malam, in na ɗaga murya, na rasa ladan haƙuri ke nan?"

To, kafin a amsa wannan sai mun rarrabe jinkiri gida biyu, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne jinkirin da tsarin ƙasa ya kawo. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye a shekarar 1978, ƙasar kowace jiha ta zama amana a hannun Gwamnanta, mai gida kuwa izinin zama da amfani ne a hannunsa, wanda akan ba shi takardar shaida a kai. Sashe na 22 na dokar ya hana miƙa wannan izini ga wani sai da amincewar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ba shi da inganci. Saboda haka aikin lauya yana da matakai: ya je ofishin rajistar filaye ya bincika ko takardar ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan ga banki, ko akwai shari'a a kansa, ya rubuta takardar miƙa mallaka, ya nemi amincewar Gwamna, a biya kuɗin hatimi, sa'an nan a yi rajista. In gidan gado ne kuma, sai an tabbatar an raba, ko magada duka sun yarda. Wannan duka yana cin lokaci, kuma yawancinsa ba a hannun lauya yake ba. A nan haƙuri ne magani. Gaggawa a irin wannan wuri ita ce ke sa mutum ya sayi gidan da aka riga aka sayar wa wani, ya ƙare da jelen kotu.

Na biyu shi ne jinkirin da wakili ya jawo da kansa: ya karɓi kuɗin aiki, ya ajiye fayil a aljihun tebur, ya toshe kunnensa. Wannan sunansa cin amana, ko da bai taɓa kwabo ɗaya na dukiyar mutum ba.

Lauya a irin wannan aiki, a ma'aunin Shari'a, wakili ne kuma ɗan ijara ne, watau an ɗora shi a matsayin mai saye, an kuma biya shi lada. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun yi babin wakilci a littattafai irin su Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim, waɗanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da su. Ƙa'idar ita ce wakili amintacce ne, ba a ɗora masa asarar da ta auku ba da laifinsa ba, amma in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa, to, ya lamunce. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka yi, a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita, a aya ta 34 ta Suratul Isra'i kuma Ya sanar da mu cewa alkawari abin tambaya ne ranar Lahira. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take, kuma a cikinta aka hana marubuci ya ƙi rubutawa alhali Allah Ya sanar da shi. Marubucin yarjejeniya a zamaninmu ai shi ne lauya.

Wani zai ce, "Ai ban ci kuɗinsa ba, aiki ne ya yi mini yawa." To, ɗan'uwa, wa ya tilasta maka karɓar kayan da ya fi ƙarfinka? "Dawo jibi" da kake aika wa mutum da ita alhali ka san jibin ba abin da zai samu, alkawari ne aka saɓa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafta ƙarya da saɓa alkawari da cin amana a cikin alamomin munafuki. Har ila yau Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani sahabi, Abu Maryam, ya shiga wurin Mu'awiya ya tunatar da shi gargaɗin Annabi (S.A.W.) ga wanda aka jiɓinta wa al'amarin Musulmi ya ɓuya ga barin bukatunsu, cewa Allah zai kau da kai daga tasa bukatar ranar Alƙiyama. Nan take Mu'awiya ya naɗa mutum musamman domin sauraron bukatun jama'a. Hadisin a kan shugabanni ya zo, amma darasinsa ya shafi duk wanda bukatar wani take hannunsa, har ma'aikacin ofishin filaye da ke danne fayil sai an ba shi na goro. Shi wannan ya tuna an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa.

Gaya wa mai aiki inda aka kwana bai fi minti biyu a waya ba. In ofis ne ya riƙe takarda, a faɗa masa. In an gano matsala a gidan, a faɗa masa tun kuɗinsa bai nutse ba. Ƙa'idojin aikin lauya a Nijeriya ma sun wajabta masa ya riƙa sanar da wanda yake wa aiki halin da ake ciki, ya kuma ware kuɗin jama'a a asusu dabam da nasa.

Yanzu mu koma ga tambayar dattijon nan. Haƙuri shi ne kame zuciya daga fushi da hukuncin Allah, da kame harshe daga zagi da ƙazafi. Neman haƙƙi ba ya ɓata shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo biyan bashi wurin Manzon Allah (S.A.W.) ya kausasa harshe, sahabbai suka yunƙura masa, sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, kana ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ma ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana abin da aka yi masa. Saboda haka ga matakan da nake ba da shawara a bi:

1. Tun farko a rubuta yarjejeniya da lauya: aikin da zai yi, ladansa, da lokacin da ake sa ran kowane mataki. Kowane kuɗi aka bayar a karɓi rasit, kowace takarda a riƙe kwafinta.

2. Kada a biya mai sayarwa kuɗi mai yawa kafin a gama bincike. In za a ba da kafin alƙalami, a rubuta makomarsa. A wurin Imamu Malik bai halatta a sharɗanta cewa in ciniki ya warware mai kaya ya cinye shi ba.

3. In shiru ya yi yawa, a rubuta wa lauya wasiƙa cikin ladabi, a tambayi takamaiman abu: an shigar da takarda? Yaushe? Mece ce lambar fayil? A sa masa wa'adin amsa.

4. In bai amsa ba, a nemi babbansa a ofis, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, domin sulhu shi ne mafi alheri.

5. In duk wannan bai yi ba, mutum yana da ikon sauke wakilinsa ya ɗauki wani, bayan ya biya ladan aikin da aka riga aka yi. Yana kuma iya kai ƙara reshen Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya na garinsu, ko gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda yake da ikon gargaɗi, da dakatarwa, har da soke sunan lauya daga rajista.

Amma mai saye shi ma ya binciki kansa. Sau da yawa lauya yana jiran sa hannu ne, ko kuɗin haraji, ko ladansa da aka riƙe. A hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya kammala masa ya hana shi lada yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su. Kada kuma a yi wa lauyoyi kuɗin goro, domin akwai masu tsoron Allah a cikinsu da yawa, waɗanda bincikensu ya tsirar da dukiyar marayu da gwauraye.

Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah. Ciniki in ya ƙullu ya ƙullu, jinkirin takarda ba ya halatta maka karɓar tayin wani. Shi ma mai zuwa ya ƙara kuɗi ya sani Annabi (S.A.W.) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa.

Dattijon nan na ce masa ya rubuta wasiƙarsa a daren nan, ya kai da kansa gobe da safe, ya karɓi shaidar an karɓa, sa'an nan ya dogara ga Allah, kuma ladan haƙurinsa yana nan in Allah Ya so.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba marasa muhalli muhalli mai albarka, Ya raba mu da haƙƙin mutane kafin ranar da ba naira ba kwabo. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.