Tuwon girma, miyarsa nama

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Kunci, ba kowane dare nama ke shiga tukunya ba. Tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji, a ɗiga man shanu in da hali, shi ne abincin yau da gobe. Don haka in manomi ya ce tuwon girma miyarsa nama, ya san nauyin maganar. Ranar da surukai suka zo, ko malamin da ya koya maka karatu ya sauka a zaurenka, ba a kai musu lami. Dole a bi zakara da gudu a bayan rumbu. Girmamawa tana cin aljihu, wanda kuma yake son a san ya daraja mutum sai ya rabu da abin da yake ji da shi.

To amma wa muke yi wa wannan tuwo? Baƙo, kusan kullum. Wanda zai kwana ɗaya ya kama hanya shi ke cin cinya, matar da ta shekara ashirin tana hura wutar kara a gidan nan kuwa sai romon da yara suka rage.

Duk hidimar aurenmu a farkonsa muke zube ta: lefe, sadaki, gara, sai kazar amarci da ango ke shiga da ita ɗaki yana rawar jiki. Ko gwamnati haka take yi. Tun 2012 Hukumar Hisba ta Kano ke shirya auren zawarawa, a Oktoban 2023 ma an ɗaura aure 1,800 a lokaci ɗaya, da sadaki da gado da katifa. Aikin alheri ne. Sai dai babu hukumar da za ta sayo wa mace kaza a shekara ta goma sha biyar, bayan zanen lefe ya koɗe, kwanukan jere sun lotsa. Wannan kazar tsakanin mutum biyu take.

Yanzu matasan birni na yin bikin zagayowar ranar aure, da kek da hotuna a Facebook, wasu malamai kuma na kallonsa a matsayin kwaikwayon Turawa. A ƙauye ko ranar ba kowa ke riƙewa ba. Tsoho zai ce an ɗaura musu aure shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, wato 1973, tsohuwa ta ce ita dai ta san gero ya fara fitar da kai. Ni ban ga dalilin rigima a kan kalanda ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija da naman bayan rasuwarta. In an tuna da matar da ta rasu da nama, ina ga wadda take tsakar gida tana surfe?

Manomin wannan yanki ya fi kowa sanin abin da nake nufi. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, ya ga jama'a sun yi yawan da ba a barin gona ta zama saura. Kowace damina sai an noma ta, abin da ya hana ta mutuwa shi ne takin da ake kai mata a mangala kowane rani, na awaki da tokar murhu da sharar birni. Aure ma gona ce da ba ta hutu, mai girbe ta shekara da shekaru bai mayar mata da komai ba, kada ya yi mamaki in ya ga wuta-wuta ta tsiro.

Mata sun riga mu gane wannan. Uwargida za ta yanke shawara ita kaɗai, ta sa yaro ya kai zakaranta a yanka, wanda ta saya da ribar ƙuli-ƙuli ta yi kiwonsa da dusa. Ta jiƙa alkama tun jiya, ta kwaɓa funkaso ta rufe ya tashi. Kabewa ta narke a tukunya, ta zuba dakakkiyar gyaɗa, alayyahu da yakuwa su biyo baya a ƙarshe don kada taushen ya yi baƙi. In tuwo ne, ta yi talge, ta bar shi ya nuna sosai kafin ta ɗauki muciya, hayaƙin karan dawa na cin idonta, ta kwashe da mara cikin kwanon da tun jerenta ba ta bari yaro ya taɓa ba. Sai maigida ya dawo daga masallaci, ya buɗe, ya ce: "Yau kuma baƙi muka yi?" Daga nan ya sa a kai zaure, ya cinye da abokan ciyayya. Ciyayya al'ada ce mai kyau, ita ke rufa asirin wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba. Amma wannan kwanon ba na zaure ba ne, kuma "sannu da aiki, Allah ya yi albarka" ba ta rage wa namiji komai.

Nasa rabon fa? Na san in aka ga magidanci da muciya a ƙauye, kafin gari ya waye an raɗa masa mijin-ta-ce. To, ba sai ya tuƙa ba. Duk masu tsire da balangu a kasuwanninmu maza ne, ba wanda ya taɓa yi musu gori. Ya samo zabo, ya fige da kansa, ya shafa yaji da man gyaɗa, ya gasa a garwashi bayan isha'i, yara sun yi barci. Ya miƙa mata ƙirjin, ya ce: "Uwar Sani, wannan naki ne." Mai mata biyu ya yi wa kowacce a ranar girkinta, zabo iri ɗaya, don kada tuwon girma ya zama tuwon rikici.

Wani zai ce rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kwanon dawa ma da ƙyar. Gaskiya ne. Amma karin maganar bai ce sai rago ba, kuma mutumin da ke wannan ƙorafi, da surukinsa zai yi sallama gobe, ko da rance sai ya yi yanka.

Maigida, in ka shiga kasuwar Dambatta ranar Lahadi, kafin ka wuce wurin masu taki, tsaya ka taya zabo ɗaya.