Cin Abinci a Misfala: Ina Iyakar Ɗanɗano, Ina Mafarin Raini?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa arzikinSa a bayan ƙasa, Ya kuma ba kowace al'umma tukunyarta da irin nata cefane. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Tambayar da muka kawo muku a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma ta hana mu barci dare guda a Makka. Ga ta: idan mutum ya ƙi abincin wasu mutane, shin abincin kaɗai ya ƙi, ko kuwa har da masu shi? Kuma a ina halaccin "ba na so" yake ƙarewa, zunubin raini ya fara?

Abin da ya faru

A watan Rajab na 1445, wato Janairun 2024, Allah Ya nufe mu da yin Umra. Ba kuɗinmu ne ya kai mu ba, domin albashin malamin Larabci kowa ya san iyakarsa. Kawunmu ne da wasu dattawa biyu na unguwarmu a Kumasi suka tafi da mu don mu riƙa yi musu tafinta. Masaukinmu yana Misfala, unguwar da ke kudu da Harami, wadda titin Ibrahimul Khalil yake gangarawa cikinta. Ɗalibanmu na ajin sarfu za su gane sunan nan take, domin tushensa ɗaya da kalmar "asfal", wato na ƙasa. Misfala ita ce gangaren Makka, kamar yadda Ma'ala take tudunta. Ta wannan ɓangare na ƙasa ne Khalidu ɗan Walidu (R.A.) ya shigo da rundunarsa ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira. Ku riƙe sunan Khalidu, za mu komo gare shi.

Kusa da masaukin akwai wani ɗan fili a ƙarƙashin bene, da rumfunan abinci biyar ko shida a jere, tebura kuwa na kowa da kowa ne. Nan ɗan Afganistan yana manna gurasar tamis a cikin tanderu, ana dangwala ta da ful, wato dafaffen wake irin na Larabawa. Can ɗan Pakistan yana kwasar biryani, shinkafar da aka turara da nama da kayan ƙanshi. Gefe guda mutanen Indonesiya, waɗanda Makkawa ke kira Jawa, suna zuba romo a kan curin nama da suke kira bakso. Ga mai shinkafar bukhari da gasasshiyar kaza. A ƙarshen layi kuma akwai wata rumfa da ake sayar da farar shinkafa da miyar adas, wadda suke kira dal, tare da wani busasshen kifi mai ƙarfin wari.

Wata rana bayan sallar Isha'i muka tsaya a gaban wannan rumfa ta ƙarshe tare da wani matashi ɗan zango da muka haɗu da shi a masauki. Da warin kifin ya buge shi sai ya toshe hanci, ya ce da Hausa, "Kai, mutanen nan ƙazamai ne. Wa zai ci wannan?" Ba za mu ɓoye muku ba, mun yi dariya, har muka ƙara da cewa ai 'yan Bangali sai su. Mun ɗauka Hausa ta zame mana labule. Sai saurayin da ke zuba abincin ya ɗago kai, ya ce da Hausa tsantsa, ba tare da ɗaga murya ba, "Alhaji, ba ƙazanta ba ce. Halal ne. Bismilla."

Kawunmu yana tsaye a bayanmu, ya ji komai. Bai ce uffan ba sai da muka koma ɗaki. Sannan ya ce, "Malam ƙarami, har da kai? Ina yaro, a 1969, aka yi dokar korar baƙi a Gana, aka ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Kakarka tana sayar da koko da ƙosai. Da idona na ga wasu daga cikin masu saye a wurinta kullum safiya sun koma suna toshe hanci idan sun wuce, suna cewa mu ƙazamai ne. Kokon bai sake ba, ɗana. Zukata ne suka sake."

Abu uku da muke cakuɗawa

Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga cewa mai ƙin abinci yana iya ƙin sa saboda ɗayan dalilai uku, kuma ɓarnar tana zuwa ne idan aka sanya wa ɗaya rigar ɗaya.

Na farko shi ne haramci. Wannan hukuncin Allah ne, ba na hancinmu ba. Mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka don wanin Allah, da giya, duk an bayyana su, kuma ba su da yawa. Asalin sauran abubuwan ci shi ne halacci. Na biyu shi ne cutarwa: abinci ya kwana ya lalace, ko ƙuda ya yi masa yawa, ko mai ciwon sukari ko hawan jini ya san ba zai ɗauke shi ba. Wannan hukuncin hankali ne, kuma addini ya goyi bayansa. Na uku shi ne ɗanɗano, wato abin da harshe ya saba da shi tun daga gindin murhun uwa. Wannan kuwa ba hukunci ba ne sam, sabo ne kawai.

To, a gaban wannan rumfa, wanne ne ya motsa mu? Ba haramci ba ne, domin kifi ne, mu kuwa Malikawa mun fi kowa sauƙi a kan abin da ya fito daga ruwa. Ba cutarwa ba ce, domin ba mu duba tukunya ba, ba mu duba hannun mai zubawa ba. Sabo ne kawai. Amma maimakon mu ce "ba mu saba ba", sai muka ce "ƙazamai ne". Magana ta farko labari ce game da kanmu. Ta biyu kuwa hukunci ce a kan al'umma guda ta Musulmi. Tsakanin waɗannan maganganu biyu iyakar take.

Darasin damo

Yanzu mu komo ga Khalidu. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Bukhari da Muslim, duk sun kawo labarin ranar da aka ajiye gasasshen damo a gaban Manzon Allah (S.A.W.) a ɗakin Uwar Muminai Maimuna (R.A.). Ya miƙa hannu, sai aka sanar da shi ko mene ne, sai ya janye. Khalidu ya tambaya ko haramun ne. Ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalidu ya jawo akushin ya ci, Manzon Allah yana kallonsa.

Ku dubi wannan ladabi da kyau. Shugaban halitta bai tilasta wa kansa cin abin da ransa bai so ba, saboda haka babu laifi a kan wanda ya kasa cin wani abinci. Amma ya danganta ƙin ga kansa da sabon ƙasarsu, bai danganta shi ga abincin ba, balle ga masu cin sa. Bai tashi daga wurin ba, bai hana Khalidu ba, bai ce mutanen Najadu masu cin damo ƙazamai ba ne. Alhali shi ne wanda in ya ce abu haramun ne, ya haramta har tashin ƙiyama. Abu Huraira (R.A.) kuma ya ba da shaidar cewa bai taɓa kushe wani abinci ba: in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. To, mu su wane ne da za mu mayar da hancinmu mufti?

Wani ɗan'uwa zai iya cewa, "Malam, ai tsantseni ne. Ba mu san yadda suka yanka naman ba." Muna girmama tsantseni, amma a duba shi da kyau. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa wasu sun kawo irin wannan damuwa game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawo musu, ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah wajen yanka. Aka umarce su da su yi bisimilla su ci. Idan haka aka yi da sabon musulunta, yaya Musulmin da muka tsaya sahu ɗaya da shi a Harami mintuna kaɗan da suka wuce? Tsantsenin da ba ya tashi sai a gaban tukunyar talaka baƙo, ya kuma yi barci a gaban gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyi, wannan a sake masa suna.

Wani kuma zai ce, "To tsabta fa? Ai akwai rumfunan da ba su da kyau." Gaskiya ne, akwai su a Misfala, akwai su kuma a Aboabo da Nima. Amma ƙazanta halin mutum ɗaya ce, ba halin ƙabila ba. Duba rumfar, in ba ta yi maka ba ka wuce ta gaba, bakinka alaikum. Laifi tudu ne. Mu da muke jefa daddawa a miyar kuka muna lashe hannu, mun taɓa tambayar baƙo yadda warinta yake a hancinsa?

Zango ya raina zango

Kashegari muka koma wurin saurayin nan muka ba shi haƙuri. A cikin hira da Larabci sai muka gane cewa ko ƙasarsa ma ba mu canka daidai ba. Kakansa ya zo ne daga Arakan ta ƙasar Bama, daga cikin Musulmin da duniya ta sani da sunan Rohingya, waɗanda a 2017 sama da dubu 700 daga cikinsu suka gudu zuwa Bangladesh. Shi kuwa a Makka aka haife shi, Hausar kuma a wurin 'ya'yan maƙwabta ya koya, jikokin mutanenmu da suka zauna a can. Wato an haife shi a gari, amma har yau ana kiran sa baƙo. Wa ya fi ɗan zango sanin wannan ciwo?

Ai kalmar zango kanta masaukin ayari take nufi. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar goro zuwa Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa wasu garuruwa suka kafa unguwanni. Da me suka shiga gidajen mutanen da suka tarar? Da tukunya. Yau koko da ƙosai, da tuwo zafi, da tsiren da ake kira cicinga, da shinkafa da wake wadda ta zama waakye a bakin mutanen kudu, duk Gana ke cin su. A Makka ma haka ne. Mahajjatanmu na dā sun taka da ƙafa ta Cadi da Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya, suka tsallaka Bahar Maliya, wasunsu suka zauna. Tsiren da suka kai can ya zama abincin Hijaz, Larabawa suna kiran sa siriya, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Shinkafar bukhari kuwa sunan Bukhara ta ɗauko, garin Imamu Bukhari da ke Uzbekistan ta yau. Muna karanta littafin mutumin Bukhara da alwala, sa'an nan mu yamutsa fuska ga girkin mutanen gabas?

Misfala dai wani babban zango ne, zangon duniya. A Suratu Ibrahim, aya ta 37, Annabi Ibrahim (A.S.) ya roƙi Allah Ya karkato zukatan mutane zuwa ga wannan kwari marar shuka, Ya kuma azurta mazaunansa da 'ya'yan itatuwa. Wanda ya tsaya a titin da ke ɗauke da sunansa, ya ga tanderun ɗan Kabul kusa da tukunyar ɗan Jawa, yana kallon amsar wannan addu'a ne da idonsa. A Hajjin 2024 mutane sama da miliyan 1.8 suka taru. Wa ke ciyar da irin wannan taro in ba irin waɗannan bayin Allah ba, masu kwana a gaban wuta don baƙin Allah su sami abin kai wa baki? Suratul Hujurati ta sanar da mu a aya ta 13 cewa an yi mu al'ummu da ƙabilu ne don mu san juna, a aya ta 11 kuma ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Sanin juna kuwa ba a huɗuba kaɗai yake ba, yawancinsa a bakin akushi ake yin sa.

Abin da muke kira gare shi

Ba sai mun je Makka za mu gwada kanmu ba. A zangonmu akwai Mosi da Dagomba da Zabarma da Kotokoli da Fulani da Wangara da Yarabawa. Sau nawa muka ji an tsokani yaro a makaranta saboda abin da uwarsa ta zubo masa a kwano? Sau nawa aka fasa aure da cewa "ba ma cin abincinsu", alhali abin da ke zuci shi ne "ba su kai mu ba"? Yaron da aka yi wa dariya saboda miyar gidansu, uwarsa aka zaga, kuma ya san haka.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu riƙe abu uku. In an ajiye mana abin da ba mu sani ba, mu tambaya cikin ladabi, mu yi bisimilla mu ɗanɗana. In rai bai karɓa ba, mu ce "ban saba ba", mu gode, mu yi shiru. Kalmar "haram" da kalmar "ƙazanta" kuwa kada su fita daga bakinmu sai da hujja, domin ta farko faɗa ce a kan Allah, ta biyu kuma faɗa ce a kan bayinSa.

A wannan rana saurayin ya zuba mana shinkafa da dal, ya ɗora ɗan kifin a gefe, ya ƙi karɓar kuɗin shayi. Dal ɗin mun cinye tas. Kifin kuwa, gaskiya ɗaya ce, mun taɓa mun kasa. Kawunmu ya jawo farantin gabansa ya cinye, muna kallonsa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai, Ya tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinSa, Ya yi albarka a cikin abin da Ya azurta mu da shi, Ya kuma kai wanda bai je ba ɗakinSa mai alfarma. Amin.