Harafi ɗaya a cikin jini: awo kafin aure ya saɓa wa tawakkali?

Ƴan'uwa, Allah Ya ƙara mana yaƙini. Akan ji wani daga cikinmu ya ce auna jini kafin aure raunin tawakkali ne, wai leƙen gaibu ne. Mu fara duba abin da likita ke dubawa.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira ADN. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A, T, G, C. Uku-uku ake karanta su, kowane uku kalma ce, kalmomin 64 ne, suna nuni ga tubala 20 da ake kira amino asid. Wani ɗan aike mai suna ARN yake kwafe rubutun ya kai wa ribozom, shi kuma ya yi ta zura tubalan kamar ƴaƴan carbi har furotin ya kammala. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan tsari!

Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tubali 146 ne. A wuri na shida, idan GAG ta zama GTG, sai tubali ɗaya ya sauya, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Amosanin jini ke nan, wanda ke hana yara barci a gidajen Maraɗi da Damagaram.

To ina gaibu a nan? Rubutun yana cikin jinin ango da amarya tun ranar haihuwarsu, karanta shi kawai aka yi. Abin da ke ɓoye shi ne wane ɗa zai gada. In su biyu AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma awon aure bai faɗin wane ne. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba, kuma bai fita daga ƙaddara ba.

Abin da ya fi nauyi a ganina: wanda ya ƙi awo ba da jikinsa yake tawakkali ba. Ƙashin jaririn da ba a shawarta ba ne zai yi ciwon.

Sai dai kada sakamako ya zama abin gori. Yarinya mai AS lafiyarta lau, har tana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. In ta auri mai AA, ƴaƴansu ba za su zo da SS ba. Shi ya sa ya fi kyau a yi awon tun kafin a kai goro, zukata ba su riga sun ƙullu ba.