Wanda Ya Shuka Ba Ya Nan: Ko Ya Dace A Yi Godiyar Kaka?

Kowace shekara idan damina ta janye, ekklesiyoyin Maiduguri sukan keɓe ranar godiyar kaka. Iyalai daga Lamisula da sauran unguwanni sukan kawo wake, gyaɗa, kuɓewa da yakuwa gaban bagade. Amma a cikin taron ba a rasa gwauruwar da mijinta ne ya shuka abin da ke kwandonta, bai kuwa kai ga girbin ba. Ko ya dace a bukace ta ta yi godiya? Hawayenta kuma, raunin bangaskiya ne?

Wannan gari ya san makoki. A ranar 18 ga Fabrairu 2006 aka ƙone majami'u, aka kashe masu bi. A watan Yuli 2009 rikicin Boko Haram ya ɓarke. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da lambunan bakin kogin Ngadda. Kirista da Musulmi duk sun binne nasu.

Masu zuwa ta'aziyya sukan ce a daina kuka, mamaci ya tafi gida. Amma Yesu kansa ya yi kuka saboda Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi (Yohanna 11). Manzo Bulus ma bai hana masu bi baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13).

A nan lambu yake koyarwa. Mai lambu da hannunsa yake binne iri, ya yi kwanaki yana ban ruwa ba ya ganin komai. Da wannan misali Bulus ya bayyana tashin matattu (1 Korintiyawa 15). Sai dai misalin yana da iyaka. Yakuwa takan dawo baɗi, mamaci ba ya dawowa da damina. Girbi kuma yakan gaza, kamar yadda ambaliyar 2024 ta nuna. Saboda haka begen mai bi yana kan Almasihu ne, nunan fari na matattu. A cikin lambu aka binne shi (Yohanna 19:41), da ya tashi kuma Maryamu Magadaliya ta zaci mai lambun ne. Girbi tuni ne kawai na wannan alkawari.

Ashe gwauruwa tana iya kawo godiya da hawaye a kwando ɗaya, ba wanda ya soke wani. Aikin ekklesiya shi ne ta tsaya tare da ita: Zumuntar Mata ta ci gaba da ziyara bayan an watse zaman makoki, matasa su taya ta noma da ban ruwa, a kuma ware wa gwauraye da marayu rabo daga baikon kaka. Ita kuwa ta ajiye irin baɗi, gama Ubangijin girbi mai aminci ne.