Uwar Shaihu Umar: Yabo Kaɗai Ya Isa?

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun karanta Shaihu Umar a makaranta, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda aka buga a 1934, bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Abin da muka fi riƙewa shi ne yaron da aka sace aka kawo Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, har ya zama babban malami. Amma wadda ta sha wuyar labarin ita ce mahaifiyarsa.

Ɗiya ce, ba a haife ta cikin bauta ba. Da ɗanta ya ɓace, ta bar gida ta bi sawunsa zuwa Kano. A nan wani ya yaudare ta da alkawarin kai ta wurinsa, ya ƙetare hamada da ita, aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus tana baiwa. Sa'ad da Umar ya same ta, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu.

Marubucin bai ƙago wannan duniya daga kansa ba. Daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce, a Kurmi kuwa an yi cinikin mutane har zuwa 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato lokacin da littafin ya fito, akwai tsofaffi a birnin nan da suka ga abin da idonsu.

Irin wannan uwa tana nan cikin littattafan wasu al'ummai. A Littafin Fitowa, mahaifiyar Musa, cikin bautar Masar, ta sa jaririnta a kwando a bakin kogi, ta yarda a kira shi ɗan wata muddin zai rayu. A Amurka kuma, a 1856, wata baiwa, Margaret Garner, ta tsere daga Kentaki da 'ya'yanta. Da masu kamun bayi suka kewaye gidan da ta ɓuya, ta kashe ƙaramar 'yarta don kada a mayar da ita bauta. A kan labarinta Toni Morrison ta gina littafinta Beloved a 1987.

Ga iyaye mata uku: ɗaya ta ba da 'yancinta, ɗaya ta ba da matsayinta na uwa, ɗaya ta ɗauki ran da ba ta da ikon ɗauka. Biyun farko muna yaba musu ba tare da shakka ba. Ta ukun ba za mu ce ta yi daidai ba, gama rai na Allah ne. Duk da haka, wa zai yi mata hukunci ya ƙyale waɗanda suka tsaya a ƙofa da sarƙa? Ita ce ke hana mu jin daɗin yabon sauran biyun, domin ta nuna mana fili cewa bauta kan tura uwa lungun da kowace hanyar fita asara ce.

A nan haɗarin yake. Mukan ce uwa mai haƙuri ce, mu share hawaye, mu rufe littafi. Amma sadaukarwa kyauta ce, kyauta kuwa da yardar rai ake yin ta. Ƙaunar uwar Umar tata ce, ta cancanci girmamawa. Tarabulus da sarƙa kuwa aikin mutane ne: wanda ya saci yaro, wanda ya yi ƙarya, wanda ya saya, da waɗanda suka gani suka yi shiru. In muka kira wahalarta ƙaddara kawai, mun wanke su ke nan, mun bar ta da nauyin ita kaɗai.

Kada kuma mu ce zancen dā ne. A 2017 duniya ta ga hotunan 'yan Afirka da ake gwanjonsu a Libiya, ƙasar da uwar Umar ta mutu. A 2019 'yan sanda suka ceto yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anacha. Kowane ɗayansu yana da uwa wadda ta yi ta yawo tana cigiya.

Saboda haka girmama uwar Umar aiki ne a kanmu. Yarinyar da aka kawo mana aikatau daga ƙauye, mun san uwarta? Tana zuwa makaranta? Idan baƙon yaro ya bayyana a gidan maƙwabci ba bayani, mu tambaya, ko da mai gidan ɗan'uwanmu ne a ikilisiya. Idan uwa ta zo cigiya, Musulma ce ko Kirista, mu raka ta wurin mai unguwa da 'yan sanda. Allah ya ba mu zuciyar yin haka, ya kuma ta'azantar da iyayen da har yanzu suke jira.